Ƙarar da Muka Kai Kan Bayan Baaba

Da ƙafarsa Baaba ya shiga asibitin. Yana ɗingishi, yana dogara sanda, amma da kansa ya sauko daga keke napep, har ya tsaya a ƙofa yana gaisawa da maigadi. Ni da yayana, wanda muke kira Hamma, muna biye da shi da tabarma da kwanukan abinci. Mahaifiyarmu, Dada, ta riga mu shiga don ta ga gadon da za a ba shi.

Baaba manomi ne. Gidanmu yana unguwar Bako a Yola, gonarsa kuma tana bakin tafkin Njuwa: shinkafa da damina, alayyafo da albasa da kuɓewa idan ruwa ya ja baya. Tun ina yarinya nake jin yana kukan baya, kamar duk wanda ya yi rayuwarsa a sunkuye. Daga baya ciwon ya gangaro ƙafar hagu. Sallah ta koma a zaune. Idan ya tafi gona sai ya nemi gindin bishiya ya riƙa nuna wa 'yan ƙwadago da sanda, abin da ya tsana ke nan. An yi gashi, an yi ƙaho, an sha magungunan asibiti har suka ɓata masa ciki. Da aka ɗauki hoton bayan, aka ce wani faifai ne da ke tsakanin ƙasusuwa ya zame yana danne jijiya, kuma sai an yi aiki.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jimeta. A can na ji labarin wani likita da yake zuwa daga wani babban gari duk ƙarshen wata, ya yi aikin baya a wani asibitin kuɗi, ya koma. Mun je mun gan shi. Mutum ne mai fara'a, ya durƙusa ya gai da Baaba, ya riƙe hoton a jikin taga yana nuna mana wurin. Ya ce aikin ba baƙonsa ba ne. Baaba ya ji daɗinsa ƙwarai. A hanyar komawa yake ce mana wannan ɗan mutunci ne, an ga tarbiyya.

An yi aikin da safe. Da la'asar Baaba ya farka, ya sha ruwa, ya motsa mana yatsun ƙafarsa duka biyu, muka yi ta hamdala. Likitan ya leƙo, ya dafa kafaɗarsa, ya ce komai ya yi kyau. Washegari da sassafe ya bi jirgi.

Kafin hantsi Baaba ya kira Dada kusa, ya gaya mata da Fulatanci cewa ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba. Dada ta je ta gaya wa nas. Nas ta ce ragowar allurar barci ce, za ta sake shi. Ta zo bakin gadon ta ce, “Baba, yaya jiki?” Ya ce, “Da sauƙi.” Haka yake amsawa tun da na san shi. Ranar da fartanya ta tsaga masa ƙafa ma haka ya ce.

Da yamma ya daina jin taɓawa daga gwiwa zuwa ƙasa. Hamma ya matsa aka kira likitan a waya, ya ce a ba shi wata allura a jira. Muka jira. Sai da fitsari ya ƙi fita, cikinsa ya kumbura, sannan hankalin ma'aikatan ya tashi, suka tura mu wani babban asibiti. A can aka sake buɗe bayan. Wani matashin likita ya ja mu gefe ni da Hamma, ya yi ƙasa da murya ya ce jini ne ya taru a wurin aikin ya matse jijiyoyin. Ya ce da an buɗe tun ranar da ƙafar ta fara nauyi, da wataƙila ta dawo. Yanzu kam sai dai addu'a.

A kwance muka mayar da shi Bako. Aka cire gadon ƙarfensa aka shimfiɗa katifa mai leda a ƙasa. Ba ya iya riƙe fitsari, ba ya iya riƙe bayan gida, kuma ba ya sanin lokacin da suka fito. Dada da Hamma ne kaɗai suke gyara shi. Ni idan na zo sai na yi sallama na tsaya a tsakar gida har a ce in shigo, in same shi an lulluɓe shi da zane mai tsabta, an kunna turare, hularsa a kai. A watannin zafi ɗakin yakan zama kamar tanda, Dada tana fifita tana juya shi, duk da haka fatar ƙugunsa ta fara saɓulewa.

Ni na fara kawo maganar ƙara. Ina da tsohuwar abokiyar karatu, Kirista ce daga wajen Numan, iyayenta ma'aikata ne a Jimeta, ta zama lauya. Na ba ta labari. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce a Legas da Abuja mutane sun fara kai likitoci kotu, musamman kan irin wannan aikin na baya, amma a nan ba ta san wanda ya yi ya kai ƙarshe ba. Ta ce dole sai an samu wani likita ya tsaya gaban alƙali ya ce ɗan'uwansa ya yi sakaci, kuma wannan shi ne mai wuyar. Ta ce zai ɗau shekaru.

Ƙanin Baaba, Bappa, ya zo har gida da ya ji. Ya zauna a ƙofar ɗakin ya ce mini, “Ke da karatunki, wa kika taɓa ji a zuriyarmu ya je kotu? Abin da Allah ya rubuta ya faru. Yaron nan bai yi da gangan ba. So kike a ɗauki mahaifinki a kai shi kasuwa ana kallo?”

Na ce, “Bappa, ba a ce da gangan ya yi ba. An kira shi ya ce a jira.”

Ya ce, “To an jira. Sai a ci gaba da haƙuri.”

Duk wannan a kunnen Baaba aka yi. Maganar ta kwanta watanni. Sai wata rana wani maƙwabcinmu da ya kai matarsa wancan asibitin ya zo dubiya, cikin hira ya ce ya ga likitan, har yanzu yana zuwa duk wata, layi har waje. Bayan ya tafi Baaba ya tambayi Hamma, “Ya taɓa tambayarka ni?”

Hamma ya ce a'a.

“Ko a waya?”

“Ko a waya, Baaba.”

Ya juyo wajena ya ce, “In an kai ƙarar nan, zai zo?”

Na ce dole ya zo.

Ya ce, “To ku kai.”

Lauyar ta zo Bako don ta rubuta bayaninsa. Ta yi mana bayani cewa a irin wannan kotun ba a barin mutum ya zauna ya ba da labarinsa da baki. Ana rubutawa tun a gida, ya rantse a kai, ranar shaida ya amsa cewa nasa ne, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya yi masa tambayoyi. Baaba ya ba ta labarin aikin tiryan-tiryan. Da ta zo kan fitsari da bayan gida ya juyar da kai wajen bango. Sai ta fita tsakar gida ta tambayi Dada da Hamma, ta rubuta abin da suka ce. Da aka buga takardar, Hamma ne ya fassara masa ita da Fulatanci kafin ya dangwala yatsa. Da ya iso wannan wurin ya wuce shi da sauri, ya ce “da sauran matsalolin jiki.” Ina tsaye a ƙofa na ji shi. A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai, kuma ladabin ne.

Neman likitan da zai yi shaida ya ci mana lokaci mai tsawo. Matashin nan da ya gaya mana gaskiya a babban asibiti ya ce mu rufa masa asiri, bai gama samun horo ba, kuma irin waɗannan manyan ne suke yi musu jarrabawa. Wasu suka ce ba fanninsu ba ne. Wani ya saurare mu har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce gobe shi ma yana iya shiga irin wannan halin. A ƙarshe lauyar ta samo wani dattijon likita da ya yi ritaya a wata jiha. Ya yarda, ya yi doguwar tafiya a mota ya zo Yola. A ranar kuwa kotu ba ta zauna ba. Ya koma, ya ce a sanar da shi sabuwar rana. Da ranar ta zo ya ce jikinsa ba zai iya hanyar ba kuma.

Ɗakin shari'ar a bene yake. Duk ranar zama Hamma yakan rufe shagonsa na hatsi a kasuwar Jimeta, mu ɗauki shatar mota, a naɗe keken guragu a sa a but ɗin motar. A ƙasan bene ya goya Baaba a baya ya hau da shi, ni ina biye da keken, ƙafafun Baaba suna reto suna bugun matakala. Mutane sukan matsa su ba da hanya suna sannu. Sau da yawa muna zama a ce an ɗage: lauyansu yana wata kotu, ko alƙali ya tafi taro, ko ma'aikata suna yajin aiki. Duk zuwan da muka yi, idon Baaba yana kan ƙofa. Likitan bai zo ba, lauyansa ne yake zuwa.

Ranar da Baaba ya yi shaida ɗakin cike yake da masu jiran nasu shari'o'in. Ya sa farar babbar rigarsa ta idi. Ya zaɓi ya yi magana da Hausa, tafinta yana juya wa kotu da Turanci. Lauyan asibitin dattijo ne mai sanyin murya. Bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Ya ce, “Malam, washegarin aiki, da nas ta tambaye ka yaya jiki, me ka ce mata?”

Baaba ya ce, “Na ce da sauƙi.”

“Da ta dawo da rana fa?”

“Na ce da sauƙi.”

“Kai da bakinka ka taɓa gaya wa wani ma'aikacin asibitin cewa ƙafarka ta mutu?”

“Na gaya wa uwar yara.”

“Ba ita na tambaya ba. Ma'aikaci.”

“A'a.”

Lauyan ya jira alƙali ya gama rubutu. Sannan ya ɗauki bayanin Baaba ya ce, “A nan ka ce ba ka iya riƙe fitsari da bayan gida, ana sa maka ƙunzugu kamar jariri, kuma ba ka da sauran amfani ga iyalinka a shimfiɗa. Haka ne?”

Tafintan ya juya maganar zuwa Hausa kalma bayan kalma, da ƙarfi yadda kowa zai ji, domin aikinsa ke nan. Baaba ya ɗago ya dubi inda nake zaune, ya dubi Hamma, ya mayar da kai ƙasa.

Ya ce, “Wannan ba maganar nan ba ce.”

Alƙalin ya ce masa da Hausa, cikin girmamawa, “Baba, ka yi haƙuri, sai ka amsa.”

Ya ce, “Lafiya lau nake. Ƙafa ce kawai.”

Lauyan ya ce, “Wato abin da ke cikin takardar nan ba maganarka ba ce?”

“Yara ne suka rubuta.”

Na ga lauyarmu ta ajiye biro. Ta tashi ta yi ƙoƙarin gyarawa, ta tambaye shi ko ya fahimci tambayar, ya ce ya fahimta. A waje ta durƙusa gaban kekensa, idonta ya yi ja, ta ce da Hausarta ta Jimeta, “Baba, da ka faɗa gaskiyan jikinka. Ba laifinka ne ba.” Ya ce mata, “'Yata, kin yi ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka.”

Kwanaki Baaba bai ci abincin kirki ba, kuma ya daina yarda in shiga ɗakinsa. Daga tsakar gida nake gaishe shi, ya amsa ta bayan labule. Hamma ya tare ni a zaure ya ce, “Kin ji daɗi yanzu?” Na ce tare muka yi komai. Ya ce, “Ni na goya shi na kai shi, na sani.”

Duk da haka, da lauyar ta aiko cewa an sa ranar da likitan zai zo ya kare kansa, Baaba ya ce a kai shi. A lokacin gyambon ƙugunsa ya yi zurfi, zama ma azaba ne. Muka yi masa matashi da tsumma a kan keken.

Likitan ya zo cikin kwat. Ya yi ƙiba, ya fara furfura. Ya yi bayaninsa da Turanci, ya ce taruwar jini abu ne da kan faru ko a hannun wa, ya ce abin da aka gaya masa a waya bai nuna gaggawa ba, majinyacin da kansa yana cewa yana samun sauƙi. Lauyarmu ta tambaye shi wa ya bar wa majinyacin lokacin da ya bi jirgi, ko akwai wanda zai iya sake buɗe bayan idan wani abu ya taso. Ya ce akwai ƙwararrun ma'aikata. Ina raɗa wa Baaba fassarar a kunne, amma ban ga alamar yana bi ba. Fuskar mutumin kawai yake kallo.

Da aka tashi muna baranda Hamma yana shirin goya shi, sai ga likitan ya fito da lauyansa. Baaba ya ce, “Likita.”

Ya tsaya. Ya dubi Baaba, ya dubi ƙafafun da suka tsotse a cikin safa. Na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasa kamar zai durƙusa. Lauyansa ya riƙe masa hannun riga ya faɗa masa wani abu a hankali. Sai ya miƙe ya ce, “Allah ya ƙara sauƙi, Baba,” ya sauka.

Baaba ya bi shi da ido har ya ɓace. A mota ya ce, “Ashe ya gane ni.” Da muka kusa gida ya ce kada a sake kawo shi wurin nan.

Ya rasu a tsakiyar damina, shinkafa ta fara ciki a Njuwa. Gyambon ne ya shiga jininsa, zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mu. A kwanakin ƙarshe ne kawai na samu na zauna kusa da shi, saboda ba ya cikin hankalin da zai ce in fita. Bappa ne ya yi masa wanka tare da Hamma. Bayan Bappa ya fito ya zauna a bayan gida ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. Daga baya ya ce wa Dada bai san jikin ya kai haka ba. Bai taɓa yi mini gorin maganar kotu ba har shi ma ya rasu.

Ba a kai ga hukunci ba. Lauyar ta ce ana iya sa sunan Hamma a madadin Baaba a ci gaba. Muna cikin shawara aka mayar da alƙalin wata kotu, aka ce sabon da ya zo sai ya fara sauraron komai daga farko, kuma Baaba, babban mai shaidarmu, ba ya duniya. Hamma ya ce shi ya gama hawan benen nan. Dada ta ce a bar mata mijinta ya huta. Na je ofishin ƙawata lauyar na gaya mata, ba ta yi musu ba. Mun bar gonar a hannun wani ɗan'uwa. Ni da Hamma muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da rasuwa, amma ba mu taɓa zama mun yi maganar waɗannan shekarun ba.

Bayan namu na ji wasu sun kai irin wannan ƙarar, wani kan aikin baya, wata kan haihuwa. Wasu sukan nemo ni har makaranta su tambayi yadda ake yi. Ƙawata ta ce yanzu asibitoci sun iya, kafin a taɓa mutum sai ya sa hannu a takardu da yawa, wasu kuma sukan nemi sulhu a ɓoye tun kafin a je gaban alƙali. Likitan nan ya daina zuwa Jimeta tun kafin Baaba ya rasu, asibitin ma ya daina karɓar aikin baya.

Wata malama da muke koyarwa tare, mijinta direban tirela ne, bayansa ya riƙe har ba ya iya miƙewa. Duk inda suka je a garin nan sai a ce su tafi Kano ko Abuja, su kuma ba su da halin zuwa. Wata rana a ofishin malamai, tana duba littattafan yara, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “An ce ku kuka kori mai yin aikin.” Na ce mata mahaifina ya shanye a hannunsa. Ta ce ta sani, Allah ya jiƙansa, amma ta san wasu da ya yi wa aiki suna tafiya da ƙafarsu har yau. Ni ma na san su. Aka buga ƙararrawa, kowa ta ɗauki allinta ta tafi aji. Mijin nata yana nan kwance a gidansu a unguwar Limawa, ita take juya shi kafin ta fito aiki.